Mutum bakwai sunka haƙa rijiyarmu, littafi ya ce ba su ba ne

Shekara takwas ke nan da rasuwar ƙanena Illa, wanda mutanen Tawa sunka sani da Mushe Illa don ya daɗe shina koyarwa a lakwal, makarantar boko. Ni ce babba, ni ya kamata in riga shi tafiya. Shi yak koya mini karatun boko ina da jikoki, shina yi mini tsawa kamar ba ni nig goye shi ba. In kun ga rubutun ga ya karkace, hannun tsohuwa ne.

Da yab bar aiki sai yaf faɗa ma wani kundi na intanet, wanda kowa ke iya rubuta ilimi ciki, duniya ta karanta. Kundin yana da dokoki, Illa kuwa mai son doka ne tun shina yaro. Ba ka cewa "ni", ba ka yabo, ba ka zagi. Kowane zance sai ka maƙala mishi ƴar lamba a wutsiya. In ka bi lambar ƙasa, ka tarar da sunan mai littafi, da sunan littafin, da shekara, da shafi.

Yac ce mini: "Yaya, ai hanyar malamai ce. In ka faɗi magana a tambaye ka, daga wa kaj ji?"

Nic ce to, tunda haka ne, rubuta rijiyar garinmu.

Garinmu ƙauye ne can wajen Barmu. Ƙasarmu dutse ce, kafin rijiyar nan mata sai su wuni neman ruwa. Ubanmu da mutum shida sunka haƙa ta da hannu, rani biyu. Ina yarinya, ni ke kai musu fura bakin rami. Illa ko haihuwatai ba a yi ba. Daga baya Nasara sunka zo sunka yi ma bakinta siminti, iyakar aikinsu ke nan.

Illa ya zaunar da ni kwana uku shina rubutawa. Yat tsara shafin tsaf, da kai, da sashe-sashe, da sunayen mutum bakwai. Ƙasa wajen lamba yas sa: daga bakin Hajiya Zali, ɗiyar mai haƙa, ganau ce. Ba a yi sati ba masu tsaron kundin sunka ce maganar baki ba ta shiga, sai abin da anka buga.

Nan Illa yay yi irin tamu. Mu nan takarda in ta sha tambo ta zama gaskiya. Yab buga zancena da mashin ɗin rubutu, yaɗ ɗauke ni kan kabu-kabu har meri, ofishin magajin gari, nid dangwala yatsa, anka buga tambo, anka sa hannu. Ya dawo shina murna kamar wanda yac ci jarrabawa. Sunka amsa mishi da ladabi cewa tambo shina nuna ni nif faɗa, ba ya nuna abin da nif faɗa gaskiya ne. Sunka share shafin.

Abin da yar rage layi biyu ne ƙarƙashin sunan garin, da lambarsu a wutsiya. Lambar tana kai ka ga littafin wani Nasara da yak kwana biyu garinmu, yar rubuta cewa gwamnatinsu tag gina rijiyar. Shi yana da shekara, yana da shafi.

Na zagi masu kundin, Illa yah hana ni. "Yaya, in kowa ya rubuta abin da kakatai tac ce, ƙarya za ta cika wurin." Nic ce ai ga ta nan ta cika, da lambarta. Har yar rasu bai yarda dokar na da laifi ba, ni ma yau ban iya rantsewa tana da shi. Abin da nis sani, an auna ni da baƙon kwana biyu, baƙon ya fi ni nauyi.

Ina tambayar kaina mi Illa zai ce da ya ga yanzu. Mutane ko shafin ba su buɗewa, salula suke tambaya ta amsa musu. Bara wajen wani suna a garinmu, jikan ɗaya daga cikin masu haƙar, magidanci da gemunai, yam miƙo mini salula: "Hajiya, kin tsufa, kin haɗa zance. Ga shi a rubuce, Nasara ne." Nic ce kakanka Ɗan Lele ya bar yatsa biyu cikin ramin nan. Yay yi dariya, mata sunka taya shi. Ina jin Illa zai ce a nemo majiya, kamar yadda yas saba. Ban san ina zai nemo ta ba. Waɗanda sunka ga haƙar dut sun mutu, ni kaɗai nir rage.

Cikin ciwon ajali Illa yac ce in rubuta labarin rijiyar da hannuna in aika jarida, wai abin da jarida tab buga ana iya sa mishi lamba. Kunyar rubutuna ta sa nij jinkirta shekara takwas. Ɗiyatai Ramatu, unguwarzoma ce nan Tawa, ta ce mini kar in sa rai, wasiƙar ɗiyar mai haƙa ma ba lalle su karɓa ba. Takarda mai tambo gara ta cinye ta. Na'urar da Illa ke aje rubutunai ciki ta mutu. Abin da yar rage nai shi ne hannun ga da yak koya ma rubutu, sai dai ya makara, ni ma na makara.

Duk da haka ga sunayen masu haƙar, wanda ke da hali ya sa musu lamba: ubanmu Mamman Gado, Ɗan Lele, Abdu Maƙeri, Anza, Kaka Baƙo, Isufu Gurgu.

Shida ke nan. Na bakwai Buzu ne dogo daga arewa, shi ke shiga can ƙarshen rami inda fitila ke mutuwa, shi yaf fara taɓa ruwa. Sati uku ina riƙe da wasiƙar ga ko sunanai zai dawo mini. Bai dawo ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙan Illa, ya jiƙan su bakwai ɗin.

Hajiya Zali Mamman, Tawa