Dauriyar Da Ta Kashe Bugun Hannuna Na Dama

Assalamu alaikum masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ku ba ni fili in amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji. Ni ungozoma ce a Kontagora, sana'ar da na gada wurin kakata, kuma lokacin da abin nan ya faru na fi shekara talatin ina karɓar haihuwa. Unguwarmu kaf an san ni da abu biyu, hannu mai sa'a da baki mai kaifi. Ni kaina na haifi takwas ban taɓa cewa wash ba, kuma da wannan nake taƙama duk inda na zauna. A wurinmu macen da ta yi ihu a kan gwiwa ta jawo wa gidansu abin gori har 'ya'yanta su girma. Saboda haka in mai naƙuda ta fara raki sai in ɗaka mata duka a cinya, in ce ta cije zani ta rufe mana baki, ai ba a kanta aka fara ba. Wallahi a lokacin gani nake rufa mata asiri nake yi.

Sai ciwon ƙirji ya kama ni. In na ɗauki bokitin ruwa ko na taka zuwa kasuwa, sai in ji kamar an ɗora mini turmi. Na ɓoye wata da watanni ina shan jiƙe-jiƙe, har ranar da na durƙushe a tsakar gida. 'Yata ta uku, wadda ke aure a Rijau, ta zo ta tasa ni gaba zuwa asibiti, daga nan aka tura mu wani babban asibiti a Abuja. Likitan zuciya ya ce yana zargin wata jijiyar zuciyata ta toshe, sai an leƙa an gani. Za a huda jijiyar jini ta wuyan hannuna na dama, a zura wata siririyar roba ta bi ta ciki har zuciya, a watsa wani ruwa da zai nuna musu komai a allo, kuma ina farke za a yi.

Nas ɗin da ta shirya ni 'yar Kambari ce, Kirista daga wajen Nasko. Da ta ji daga Kontagora nake sai ta riƙa ce mini Mama, ta ja kujera ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce jijiyar wuyan hannu matsoraciya ce, musamman ta mata don siririya ce. In mutum ya tsorata, ko ya ji zafi, ko sanyi ya kama shi, sai ta tsuke ta damƙe robar. Don hana haka za su ba ni maganin kwantar da hankali, su ɗumama hannun, su zuba wani magani a cikin jijiyar don ta saki. Ni kuma aikina ɗaya ne, da na ji zafi ko ƙanƙani in faɗa nan take. Na dube ta sama da ƙasa. Na ce mata ranar da aka haife ta wataƙila ina can ina yanke cibiyar wani, kuma ni ba za a ɗura mini abin da zai sa in yi layi kamar 'yar ƙwaya ba, wadda ta haifi takwas ba za ta yi wa tsinke kuka ba. Likita ya lallashe ni na kafe, ya ce to ba zai yi mini dole ba. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, tun a mota nake jin tsoro.

Ɗakin aikin sanyi kamar cikin firji. Aka yi mini allurar kashe zafi, aka huda, roba ta fara tafiya. Tana kaiwa wajen gwiwar hannu na ji wata irin murɗa, kamar ana matse wanki a cikin naman hannuna. Likita ya tambaye ni ko ina jin wani abu, na ce lafiya lau. Ya sake tambaya, na ce ya yi aikinsa ya ƙyale ni. Na cije leɓe, gumi yana tsattsafo mini, ina ƙara ƙanƙame jiki, ashe ƙara ɗaure jijiyar nake yi. Can sai ya tsaya, na ji muryarsa ta sauya. Ya ce robar ta maƙale, ba gaba ba baya, in ya ja da ƙarfi jijiyar na iya yagewa. Innalillahi! Hannun dama fa, wanda nake tarbar jariri da shi, nake yanke cibiya, nake kai loma baki. Nan dauriya ta ƙare. Na kwarma ihun da 'yata ta jiyo daga waje, na kira Allah, na kira kakata da ta daɗe a ƙasa. Nas ta riƙe mini ɗaya hannun ta ce in yi son raina, da tun ɗazu na yi da ba a kai nan ba. Suka ba ni maganin da na raina, suka naɗe hannun da tawul mai ɗumi, suka ƙara na sakin jijiya, suka zauna jira. A hankali ta saki aka zare robar, aka fasa aikin ranar.

Bayan 'yan kwanaki aka sake ta hannun hagu. Wannan karon na karɓi magani hannu bibbiyu, ko ƙaiƙayi na ji sai na faɗa, kafin in ankara an ga inda ya toshe an buɗe shi. Hannun dama ya kumbura ya yi baƙi, daga baya ya warke, amma waccan jijiyar ta rufe, 'yar'uwarta da ke ɗaya gefen wuyan hannun ce ke ciyar da hannun yanzu.

Ba wannan ne ya fi yi mini ciwo ba. Ina kwance 'yata tana shafa mini hannun, ta fara tsokanata cewa ashe Inna ma ta iya ihu, sai dariyar ta koma kuka. Ta tuna mini haihuwarta ta fari da ta zo gida, ni na karɓa. Ta ce tun da hantsi ta ji wani ciwo dabam, mai yanka, wanda ba ya lafawa irin na naƙuda, kuma ta daina jin motsin yaron. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta haɗa ido da ni, ta cije zani. Yaron bai zo da rai ba. Na sani rai na Allah ne, ko ta faɗa wataƙila haka za ta kasance. Amma da ta faɗa da mun nemi mota zuwa asibiti. Ranar har yabonta na yi a gaban mata, na ce 'yata ce ta gado ni.

Labarin ihuna ya riga ni isowa Kontagora. Tsofaffin unguwa suka samu abin yi, ana suna ana biki sai ka ji ana cewa mai dukan cinya ta haɗu da gamonta. To, na yi ihun! In an sake zan yi wanda ya fi shi, mai jin kunya ta toshe kunnenta. Yanzu in na shiga wurin mai naƙuda, abin da nake fara gaya mata shi ne ta faɗi duk abin da take ji da ƙarfi, kuma da na ji abin da bai kwanta mini ba sai asibiti. Kwanan baya wata sa'ata ta ce ina lalata tarbiyyar yara, ta ɗaga hannu za ta make wata yarinya da ke kan gwiwa. Na riƙe hannun, na nuna mata ƙofa, har yau ba ta amsa gaisuwata. Can ta matse mata.

Abin da na koya shi ne, jiki ba ya bin al'ada. Ko baki ya yi shiru, jijiya ba ta iya ƙarya. Duk wanda za a zura wa robar nan ta wuyan hannu, ya karɓi maganin da aka ba shi, in yana jin sanyi ko tsoro ya faɗa, in ya ji zafi ya faɗa tun yana ƙarami, likita ba boka ba ne da zai san abin da aka ɓoye masa. Ku kuma iyaye mata, ku daina koya wa 'ya'yanku cije zani. Duk wadda ta zo mini da wa'azin dauriya, hannuna na dama nake miƙa mata in ce ta ɗora yatsa ta nemo bugun. Ba za ta ji komai ba. Haka ni ma ban ji komai ba ranar da na ɗora yatsana a ƙirjin jikana.