Baba Lado na Babura, Mai Jin Kukan Wuta

Idan hantsi ya ɗaga a bayan kasuwar Babura, za ka tarar da Baba Lado ya share gindin darbejiyar da ke ƙofar shagonsa, ya jera kayan sautin da aka kawo masa gyara. Ba ya fara ɗaukar sukundireba. Kunna amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, yake yi, ya lumshe ido, ya karkata kai kamar mai sauraron hadari daga nesa. Kowace ƙara ya sa mata suna. Akwai kukan zuma, akwai suyar mai, akwai wadda yake kira tarin tsoho. Shekara arba'in ke nan yana haka, har watan jiya da ya ce kunnensa na hagu ya gaji, zai rufe shago.

Ladanin unguwarmu zai shaida, lasifikarsa ba ta taɓa kwana biyu a mace ba. Masu kiɗan jita da ke tsallakowa daga Nijar lokacin biki, wurinsa suke fara sauka kafin su nemi masauki. Ni kuwa shaidata ta cikin gida ce.

Maigidana malamin firamare ne, amma da la'asar yakan zauna a tsakar gida ya kaɗa jita. Bara amfilifayarsa ta fara wani gurnani da ba ya yankewa. Ɗan akwatin ƙarfen nan da yake takawa da ƙafa ya canza sauti, shi ma wata rana ya amsa, wata rana ya ƙi. Gurnanin ya hana 'yarmu Zaituna barcin rana, tana wata tara lokacin. Na yi magana, ya ce ai haka kayan wuta suke. Har dariya yake yi, wai wayoyin jitar sukan ɗan ciji yatsunsa. Sai na kwance akwatin, na goya yarinya, na tafi gindin darbejiya.

Baba ya buɗe shi, ya hura ƙura, ya liƙa wata waya da ta tsinke. Sannan ya ce in kwaikwayi ƙarar da nake ji. Na yi, ina jin kunya. Sai ya daina murmushi.

"Kukan zuma ne. 'Yata, a ina maigidan yake kiɗan?"

"A tsakar gida, Baba."

"Da takalmi?"

"Wa zai hau tabarma da takalmi?"

Ya leƙa bayana ya dubi Zaituna. "Amaryar tawa ta fara rarrafe?"

"Har ta gano akwatin nan. Ina hana ta, tana komawa."

Ya ja ƙofar shago, ranar kasuwa ce kuwa, ya ce in yi gaba zai zo ya sami maigidan da la'asar.

Ya zo ya yi sallama, ya tarar na yayyafa ruwa a tsakar gida saboda zafi, ƙasa tana ƙamshi. Ya sa aka kunna, ya lumshe ido. Ya zare wayar jita, zuma tana nan. Ya zare akwatin, tana nan. Da ya kai ga fulogi sai ya ɗaga shi sama. An karya masa ƙafa ta uku don ya shiga soket ɗinmu. Ya mayar da akwatin, ya ɗora tasta, abin gwada wuta, a jikin akwatin, jar wutarta ta kama nan take.

"Malam," in ji shi, "kai kana koyar da 'ya'yan mutane lissafi, amma uku ta fi ƙarfinka? Wannan ƙafar ita ce hanyar da wuta take bi ta koma ƙasa. Ka toshe mata hanya, tana neman wata. Busasshiyar tabarma ce ta cece ka. Amaryata kuwa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa take rarrafe, da hannu take kamawa, ta kai baki."

Zaituna tana cinyata, tana miƙa hannu wajen jar wutar.

Baba, kai ne ka durƙusa da gwiwoyinka masu ciwo, ka canza fulogi da soket, ka gano abin da ke zubar da wuta a cikin amfilifayar ka cire shi. Kai ne ka kafa rodi a gindin katangarmu, ka ɗaura masa waya. Da aka sake kunnawa, shiru ya sauka a gidan, har na ji kurciyoyin maƙwabta. Maigidan ya taɓa jitar a hankali, sautin ya fito wasai, yarinya ta yi barci kafin ya gama.

Allah ya saka maka da alheri, mai kunnen da ya ji abin da uwa ba ta ji ba. Masu gyara na Babura da Roni da Kazaure, don Allah idan an kawo muku abu, ku tambayi gidan da zai koma. Iyaye mata, kada a ce muku haka kayan wuta suke ku yi shiru.

Jiya ma na yayyafa ruwa da la'asar. Zaituna ta bi bayana da gudu, ba takalmi, tana barin ƙananan sawu a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ban ce mata ta dawo ba.