Inna Kaltumi da Igiyar Caji

Duk unguwarmu a Garwa an san mahaifiyata Inna Kaltumi da abu biyu, ƙosanta da tsoron wuta. In aka tsokane ta cewa mai suya ba ta tsoron wuta, sai ta ce wadda ta hura da hannunta ta san halinta. Wadda ba ta gani ce ke hana ta sakat.

Tana da dalilinta. Babanmu zuwa-zuwa yake sayarwa, wato man da ake tsallakowa da shi daga Najeriya a zuba a kwalabe, kuma a zaure yake jera jarkokinsa. Wata rana da bazara, rana tsaka, zauren ya kama. Baba bai fito ba. Tun daga nan, da rana ta take sai Inna ta zaga gida tana zare duk abin da aka jona, fanka, rediyo, har wayata. Mun sha rigima a kan haka, ni Sadiƙa ba na iya haɗiye magana.

Yayana Mahfuzu direba ne, yana kai 'yan kasuwa Pitowa. Saboda Inna ya sayar da tsohuwar tasinsa ya sayo 'yar ƙaramar mota mai lantarki, ya shimfiɗa faifan sola a rufi don kuran ɗin gari, wato wutar lantarki, ba shi da alkawari. Ya ce mata, "Inna, ko ɗigon mai ba zai sake kwana a gidan nan ba." Kuma wallahi mun ji daɗinta. Ba hayaƙi, ba zaryar gareji, ba warin nan da ke tayar wa Inna da zuciya. In ya dawo sai ya jona ta a gindin darbejiya, rana ta yi masa sauran aikin.

Inna dai ba ta yarda ba. Motar da ke tafiya ba a jin ta, kuma wuta ce abincinta? Yaya ya roƙe ta har da durƙuso kada ta taɓa igiyar cajin. In yana gida ba ta taɓawa.

Ran wata Juma'a, mai ya ɓace a gari gaba ɗaya, har teburan zuwa-zuwa an kife. Yaya ya dawo daga Pitowa da hantsi batir ya yi ƙasa, ya jona, ya tafi masallaci a ƙafa. Ana saukowa aka kira shi. Matarsa Ache tana goyon ciki a gidan iyayenta, wani ƙauye gaba da Pitowa. Naƙuda ta zo da jini, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, kuma duk ƙauyen babu moto mai ko kofin mai.

Ya shigo da gudu ya kunna mota, sai na ga ya ƙura wa allon ido. Ya fito ya duba baya. Ga igiya nan a naɗe tsaf a kan turmi, irin naɗin Inna.

"Na taɓa na ji ta yi zafi ne," in ji ta, murya can ƙasa.

Ni ce na fashe. "Haba Inna! Kin kashe Ache, kin ji daɗi?" Ban taɓa ɗaga mata murya haka ba. Maƙwabcinmu Louis yana da mota, amma tankinsa a bushe. Jira kuwa babu hali. Na faɗa motar muka tafi da abin da ya rage.

Yaya ya kashe sanyi, ya kashe rediyo, yana tafiya a hankali don batir ya kai, ni kuwa ji nake kamar in fita in ruga. Mun tarar da Ache a kan tabarma, zanenta ya jiƙe sharkaf. Muka kwantar da ita a baya, kanta a cinyata. Zafin ranar nan ya isa ya dafa ƙwai, amma hannunta sanyi ƙalau. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Mun baro Pitowa kaɗan allon ya koma ja, wani ɗan kunkuru ya fito a jiki. Yaya ya ce alamar mota ta kusa tsayawa ce. Ya taka totur, ba ta ƙara gudu ba. Har wani mai keke ya wuce mu yana waige. Ina kiran sunan Ache, tun tana amsawa har ta daina. "Yaya, ta daina magana!" Bai juyo ba, sai salati yake, hawaye na bin gemunsa.

A bakin gari, daidai wani gidan mai, motar ta tsaya cak.

'Yan moto ne jibge a layi tun safe suna jiran man da bai zo ba. Na leƙa ta taga na kwarma ihu, da Hausa da Fillanci, ban ma san me na faɗa ba. Ɗaya ya leƙo ya ga jini. Sai kawai suka bar baburansu suka dafa motar nan suna turawa a guje, wanda ya gaji wani ya karɓa, har ƙofar asibiti.

Ache ta rayu, 'yarta ma ta rayu. Madam Véronique, nas ɗin da ta karɓi haihuwar, ta ce da mun ƙara jinkiri da sai dai mu koma da gawa biyu.

Washegari aka jawo motar gida. Inna ba ta sa komai a bakinta ba tun jiya. Yaya ya ɗauko igiya zai jona, ta miƙa hannu ta karɓa. Da farko ta kasa saita bakin, amma ita ta cusa da kanta.

Tsoron bai tafi ba, kada ma a yi mata ƙarya. Har yau in rana ta take, Inna takan jawo kujerarta ta zauna gefen motar da bokitin yashi a gabanta, gumi na zuba, leɓenta na motsi. Rannan na ce ta shiga ɗaki mana, zafin nan zai kwantar da ita.

"Bar ni a nan," ta ce. "In za ta kama, ta fara da ni."