Ramin Gaba da Na Toshe

Yayana ya dawo gida daga Kaduna a shekarar da masaƙa ta sallame su, lokacin soja ne ke mulki, man fetur kuwa sai an kwana a layi. Bai zo da komai ba sai jakar kaya, da jitarsa, da wata baƙar na'ura mai faɗi kamar faranti, mai ɗan gilashi da ke nuna lambobi. Idan sautin jita ya bi ta cikinta kafin ya kai lasifika, sai ka ji kamar mutum uku ne ke kaɗawa a cikin kogo.

Rami biyu take da shi na shigar da wayar jita, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Yaya na baya yake amfani da shi, don kada waya ta yi reto wani ya yi tuntuɓe. A majami'armu da ke kusa da Malikanchi, ƙarƙashin benci yake ajiye ta, da ƙafa yake taka wani ɗan abu ya canza sauti. Ni na ɗinka mata mayafi da ragowar atamfa.

Ranar wata Asabar mu matan zumunta muna sharar majami'a, na ga zanzaro yana shiga ramin gaban nan da laka a baki. Na san aikinsa, ya taɓa kashe mana rediyo. Na tsinci wani guntun bakin waya da ya tsinke, na cusa a ramin, ya zauna daram, na sauke mayafi. Har daɗi na ji.

Washegari ce sujadar godiyar kaka, ta amfanin gona. Wani shugaban mawaƙa ya zo takanas daga Zariya don ya ji Yaya, yana neman mai jita da zai riƙa biya duk wata. Yaya ya yi wata bakwai ba aiki, matarsa da ciki.

Aka tada janareta da galan ɗaya na mai da aka samo da ƙyar. Yaya ya kaɗa. Shiru. Ya durƙusa ta bayan benci, ya zare waya, ya mayar, ya sake wata. Shiru.

"Malam, ko ita ma masaƙa ta sallame ta ne?" in ji mai ganga. Aka yi dariya.

Fasto ya sunkuyo. "Ɗana, mai yana ƙonewa fa."

Ina zaune a sahun mata, kusa da surukata. Guntun wayar nan ya faɗo mini a rai. Ban dai tabbata ko shi ne ba. Taku goma ne tsakanina da Yaya. Sai na tuna zan ratsa gaban dattawa da baƙo, in durƙusa a wurin kayan maza, in kuma ba shi ba ne a ce me ya kai ni. Na gyara ɗankwali, na zauna.

Yaya ya haɗa jitar kai tsaye da lasifika. Sautin ya fito a bushe, siriri. Gumi ya jiƙa masa riga, yatsunsa na zamewa, sau biyu yana ɓata waƙar da ya iya tun muna yara. Baƙon bai tsaya cin abinci ba.

Ran kasuwa Yaya ya kai na'urar wurin mai gyaran rediyo a Ikara. Da ya dawo ya biyo ta gidana, ina tankaɗe.

"Auta, kin san lafiyarta ƙalau? Ashe in an sa abu a gaba, na baya ya mutu ke nan. Gaba take saurara. Ni da nake taƙama da ita ban sani ba."

Na ce ni ce, na ce zanzaro ne. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce ai taimako na yi, Ubangiji ne bai nufa ba.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne na tuna da guntun wayar tun muna cikin majami'a. Da rani ya tafi yankan rake a Makarfi, ya zauna can. Na sha kai masa ziyara, na sha ɗaukar maganar tun daga tasha, in na ga yadda rake ya faffasa masa tafin hannu sai in tambaye shi yara. Ya rasu ban faɗa ba.