Babban Yatsan Gwaggo

Ina aji huɗu a jami'a a Samaru aka ba ni batun da zan gabatar gaban malamai: yadda ƙwayar jijiya ke zaɓar inda za ta ƙera furotin. Ni kuwa ban saba magana gaban mutane ba. Ran Asabar na hau keke napep zuwa Sabon Gari wurin gwaggona mai sayar da manja, don in gwada a kanta.

Na tarar tana tsince shinkafa. Na ce, "Gwaggo, akwai ƙwayar jijiya guda, cibiyarta na gindin bayanki, jelarta kuma ta miƙe har babban yatsan ƙafarki. Furotin shi ne kayan gini da gyaran jiki. Ba duka take ƙerawa a cibiya ba, tafiyar da nisa. Wani sai ta naɗe saƙon yadda ake yin sa, ta tura can ƙarshe a ajiye. Ranar da ake bukata a warware, a ƙera nan take."

Ta ajiye faranti. "Wato akwai ma'aikata a yatsana?"

"Kusan haka."

"Shi ya sa. Wata biyu ke nan ba na jin yatsan nan sosai. Sun karɓi saƙo sun zauna a kai."

Ta ɗora ƙafa a kan kujera, ta yi wa yatsan faɗa irin wanda take yi wa direban da ya kawo mata kaya a makare. Maƙwabciyarta, wata 'yar Ibo mai ɗinki, ta leƙo, Gwaggo ta maimaita mata darasin da Turancin broka. Kafin la'asar mata huɗu 'yan zumuntar cocinsu sun jeru a tsakar gida ba takalmi, kowacce na so in duba ko saƙonta ya isa. Ɗaya ma gwiwa ta miƙo mini.

Na ce ni ɗaliba ce, ba likita ba. Ran Litinin na ja Gwaggo asibiti. Likita ya latsa yatsan, ya auna sukari, sannan ya ce ta miƙo takalminta. Na Kirsimeti ne, ya yi mata kaɗan, amma tun da matar fasto ta yaba shi ba ta sa wani. Likita ya ce shi ke danne jijiyar, ta daina sawa.

Muka koma gida. Da muka shiga ta nemi reza, ta yanke wa takalmin baki, yatsan ya leƙo waje. Haka ta je coci ran Lahadi, ta zauna a layin gaba.