Baraka Mai Kaset da Kiɗan Jabiru

Duk wanda ya daɗe a unguwar Bracodi ta Abidjan ya san Malam Baraka mai kaset, ko da yake rabonsa da sayar da kaset ya fi shekara goma sha biyar. Sunan ne ya manne masa. Abin da ke kan teburinsa yanzu cajar waya ce da batir da ƙananan rediyoyi. Kaset-kaset ɗin suna ƙarƙashin tebur cikin kwali biyu, an naɗe su da leda saboda damshin Abidjan, wanda ba ya barin komai sai ya sa masa funfuna.

Mutumin Dogon Dutsi ne a Nijar. Ya sauka Adjamé, yankin da Bracodi take, yana da shekara ashirin da biyu, wajen kawunsa mai sayar da albasa. Shekara uku yana sauke buhuna daga mota, har ya samu ya sayi rikoda mai baki biyu, ya kafa tebur a bakin titi. Direbobin motocin albasa ne ke kawo masa sababbin kaset daga Ƙonni da Maraɗi, gurmi da goge da kalangu, shi kuma ya kwafa ya sayar. Da yamma mutanen gida sukan taru gaban teburin, wasu su saya, da yawa su tsaya kawai su ji, su wuce.

Baraka bai iya waƙa ba, bai taɓa riƙe gurmi ba. Saurare ya iya. In kiɗa ya tashi sai ya sunkuyar da kai, ya bar magana a tsakiya ko da mai saye ne a gabansa. Ya san inda kowane mawaƙi ke jan numfashi, ya san daga wane gari makaɗi ya fito tun kafin ya buɗe baki.

Abokansa biyu ne, kuma babu wanda ya ɗauki kiɗa yadda ya ɗauke shi.

Na farko Harisu ne, mutumin Tawa, mai sayar da garba, wato dambun rogon da ake kira aceke haɗe da soyayyen kifi, a rumfar da ke jikin teburin Baraka. Shekara talatin lasifika na kuka a gefen kunnensa, amma bai riƙe ko waƙa ɗaya ba. Ba don addini ba ne, bai taɓa cewa haramun ne ba. Shi dai kiɗa da ƙarar gbaka, motocin hayar da ke wucewa a titi, duk ɗaya ne a wurinsa. In rediyo ya gama labarai sai ya kashe.

Na biyu Jabiru ne, haifaffen unguwar Arras a Treichville, can ƙetaren gada. Ubansa tela ne daga Damagaram, amma shi sau ɗaya ya taɓa taka Nijar. Ya yi makarantar boko, Faransanci ya fi masa sauƙi a baki, Hausarsa kuwa sai da ciko. Ranar da suka fara haɗuwa ubansa ne ya aiko shi. Ya tsaya gaban tebur ya ce, "Tsoho ya ce in sayo masa kaset ɗin mutumin nan mai kuka."

Baraka ya dube shi sama da ƙasa. "Ba kuka yake ba. Goge ne."

"To, ba ni gogen mai kukan."

Daga nan abota ta ƙullu, ba wanda zai iya cewa ta yaya. Jabiru ya zama direban tasi, irin wadda ake kira woro-woro, yana lodi a tashar Gare de Bassam da ke Treichville. Kiɗansa zuglu ne, na 'yan Abidjan, ganga da tafi da amshi, ana ba da labarin wahalar gari cikin raha. Shi ba ya sunkuyar da kai. Yana bi da baki, yana buga sitiyari, yana jan fasinja su amsa. In rediyon motarsa ya lalace, wajen mai gyara yake wuni maimakon ya fita aiki a shiru.

Kowace Lahadi bayan la'asar Jabiru yakan ƙetaro gada, su zauna su uku a bencin Harisu. Baraka ya ce zuglu hayaniyar 'yan makaranta ce, ba ta da tushe. Jabiru ya ce gurmi kiɗan mutanen da jikinsu ke Abidjan ne amma ransu na can cikin yashi. Harisu ya juya kifi a mai ya ce su biyun ba su da aikin yi. Tun suna yi da zafi har suka koma yi don sabo. A 'yan shekarun nan ma ba sa ƙarasa gardamar. Ɗaya ya fara, ɗaya ya ɗaga hannu, a sha shayi. An tayar da teburin Baraka sau uku saboda aikin titi, masu tsayawa saurare sun mutu ko sun koma gida, gwiwoyinsa sun fara ciwo. Wata rana sai ya wuni bai kunna komai ba.

A daminar bara, wata safiyar Talata, Jabiru ya faɗi a gefen motarsa a tasha. Matarsa Hadijatu ce ta kira Baraka. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ya yi mako uku a asibiti, aka mayar da shi gida a Arras, hawa na biyu. Yana gane kowa, yana jin abin da ake faɗa, amma in ya buɗe baki ko ruwa ba ya iya roƙa.

Lahadin farko Baraka ya rufe tebur da wuri, ya goge tsohuwar rikodarsa, ya zaɓi kaset ɗin gogen da ya fi ƙauna a duniya, ya hau bas. Ya tarar da abokinsa a jingine da matashi, ya rame, bakin ya karkace. Ya gaishe shi, ya ba shi labarin kasuwa, labari ya ƙare. Sai ya kunna. Jabiru ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya. Baraka ya ce a ransa, ashe dai yana ji, girman kai ne ya hana shi faɗa. Ya dawo da kaset ɗin Lahadi ta biyu, ya dawo da shi ta uku.

A ta ukun ne Laila, babbar 'yar Jabiru, mai aiki a wani kantin magani, ta rako shi har ƙasan bene. Ta tsaya tana neman kalmomi, don Hausa ba ta zauna mata ba.

"Tonton, kar ka ji haushi. Kiɗan nan, Papa ba ya so."

"Na ga yana hawaye."

"Shi ne. Kaka shi yake sawa lokacin da yake ciwo, har ya rasu. In ka tafi, Papa ba ya cin abinci."

Baraka ya tsaya da rikoda a hannu. Ruwa na tsiyaya daga indararon benen. Ya tuna cewa kaset ɗin tsohon daga teburinsa ya fito.

"Me ya hana ku sa masa nasa?"

"Mama ta ce kunya, ɗakin mara lafiya. Na gwada a waya, sababbi, ya juya kai. Na da yake so, na lokacinsa. Ni ban san su ba."

Washegari Baraka ya jawo kwali na biyu. A can ƙasa akwai kaset na zuglu guda goma sha ɗaya, waɗanda Jabiru ya matsa masa ya kwafa shekaru da yawa da suka wuce, wai don ya samu masu saye matasa. Duk sun yi funfuna. Ya kwance su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin sukundireba, ya goge zaren da auduga, ya liƙe inda ya tsinke da jan farce, ya naɗe da biro. Kuma dole ya saurari kowanne daga farko har ƙarshe don ya san inda ya ci. Kwana huɗu zuglu na tashi daga teburin Malam Baraka.

Harisu ya leƙo ya ce, "Yau kuma ka canza hayaniya?"

"Ashe ka san an canza."

"Na ga fuskarka ce. Kamar mai shan maɗaci."

Guda huɗu suka tsira. Ranar Lahadi ya kai su. Hadijatu ta ga rubutun da ke jikinsu ta gane, ta ja mayafinta.

"Malam, me maƙwabta za su ce? Mutum na kwance ana kiɗan rawa."

"Ki ce ni ne. Ba zan ɗaga murya ba. In kin ga bai yi ba, sai in kashe."

Ya kunna ƙasa-ƙasa. Ganga ta shigo, tafi ya biyo. Da farko Jabiru bai motsa ba. Can sai yatsun hannunsa na hagu suka fara taɓa zanin gado. Da aka zo amshi, bakin nan da ya karkace ya buɗe, layi guda na Faransanci ya fito cikakke, muryar a shaƙe amma kowace kalma a wurinta. Hadijatu ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba. Da waƙar ta ƙare, Baraka ya matso ya ce, "Jabiru, kira sunana." Jabiru ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, babu abin da ya fito. Daga baya likita ya gaya wa Laila cewa ana samun haka, mutum ya iya waƙa bai iya magana ba, su ci gaba da sa masa, amma kada su sa rai da yawa.

Haka aka shiga watanni. Kowace Lahadi Baraka yana tsayuwa a bas cikin cunkoson gada, ya hau bene yana hutawa a kowane zagaye, ya zauna awa biyu cikin kiɗan da bai taɓa so ba. Bai kuma fara so ba. Yakan fito kansa na sarawa. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne ya tsinci kansa a wurin alwala wani amshi na yawo a kansa, ya rasa yadda zai kore shi. Ya dai lura, don kunnensa ba ya iya barin lura, cewa mai gangar kaset na uku ya san aikinsa. Bai faɗa wa kowa ba.

Harisu ya raka shi sau biyu, duka biyun ya yi barci a kujera kafin a juya kaset. Daga nan ya bar zuwa, sai dai kowace Lahadi ya gasa kifi babu gishiri, ya naɗe a takarda ya miƙa wa Baraka. Hadijatu ta ce shi ne abincin da Jabiru ke cinyewa.

Magana ta dawo kaɗan. Yana cewa ruwa, yana cewa a'a, yana kiran Laila. Ƙafar ba ta dawo ba, kuma saukar da shi daga bene zuwa asibiti sai an nemi maza biyu. Bayan ƙaramar salla Laila ta kwashe iyayenta zuwa garin Bassam, inda mijinta ke da gida marar bene. Ta kwafe kaset huɗun a waya, ta ce wa Baraka ya huta haka, hanya ta yi nisa, Allah ya saka. Ya amsa da to, kuma har cikin ransa ya ji sauƙi. Ya yi Lahadi biyu a gida, ya miƙe ƙafa a tabarma, matarsa Haulatu ta sake tayar da maganar komawa Dogon Dutsi, inda 'ya'yansu suka gama masa ɗaki biyu tun bara.

A mako na uku Hadijatu ta kira.

"Malam, ba ya ji shi kaɗai. In an kunna sai ya ture wayar, ya dubi ƙofa."

Baraka ya shafa gwiwarsa. "Ki ce masa ina tafe."

Yanzu duk mako biyu yake zuwa. Maganar komawa gida ya ce a bari sai bayan damina, Haulatu ta ce haka ya ce bara. Yakan tashi daga Adjamé da hantsi, ya sauka Gare de Bassam, ya jira mota ta cika. Direbobin tashar sun san wurin wanda za shi, don haka suna ajiye masa kujerar gaba. Ran nan wani daga cikinsu, Sadi, wanda suka yi shekaru suna lodi tare da Jabiru, ya kai hannu ga rediyo ya tambaye shi, "Baba, me zan sa maka?"

"Bar shi a kashe, in fasinja sun yarda. Akwai isasshe a gaba."

Sadi ya janye hannunsa. Baraka ya gyara ƙunshin kifin a cinyarsa, ya jingina kai da gilashi. Kafin su fita daga Treichville barci ya ɗauke shi.