Gadon Barira da Motar Kawu

Ranar da Badaru mai walda ya tayar da motar Kawu Abdulsalami da sababbin bututan hayaƙinta, mutum ya fi talatin a gindin darbejiyar da yake aiki, kowa hankalinsa yana kan ƙara. Ni ruwan sha aka aiko ni da shi. Da na sunkuya zan ajiye kwanon, sai idona ya faɗa ƙarƙashin motar. A jikin ɗaya daga cikin bututan, can ƙasa inda wuta ba ta kai ba, akwai ragowar koren fenti da ɗan farin fure mai ganye biyar. Na san furen nan. Da hannuna na goge masa ƙura ranar da muka yi wa Barira jere, matar shi Badarun. A jikin gadonta yake.

Na ajiye ruwan na koma cikin gida.

Daminar 1976 ce, na zo hutu daga jami'a a Zariya. Badaru kuwa ɗan maƙeran Fagam ne. Ubansa garma da fartanya yake ƙerawa, shi kuma ya tafi Kano ya yi shekara shida a hannun wani mai walda. Ya dawo Birnin Kudu da tukunyar gas da baƙin tabarau da wata ɗabi'a guda: ba ya ganin bututu bai zura babban yatsa ya auna bakinsa ba. Ko butar alwala aka miƙa masa sai ya leƙa hancinta kafin ya yi bisimilla. Ba shi da faɗa, ba shi da yawo. Kawu ya ba shi ɗaki biyu a bayan gidanmu, nan ya ajiye iyalinsa.

Motar, Kawu ya saye ta ne a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Doguwa ce, ƙirar Amurka, mai silinda takwas, in ta juya a ƙofar gida sai an ɗage tabarmar masu hira. Direbanta Baba Maikuɗi, dattijon da ke tuƙi tun zamanin En'e. A farkon damina manifol ɗinta na gefen hagu ya tsage, wato ƙarfen zubin nan mai nauyi da ke manne a jikin inji, yana tara hayaƙin silinda huɗu ya tura shi salansa. Aka nema a Kano ba a samu ba. Daga nan gardama ta tashi.

"Alhaji, a liƙe shi da tagulla a mayar," in ji Baba Maikuɗi. "Wanda ya ƙera motar nan ba mahaukaci ba ne. Shiru take tafiya, lafiya lau."

"Shirun wanda aka shaƙe ne, Baba," in ji Badaru. "Ƙarti huɗu ka ba su ludayi ɗaya ka ce su sha fura? A cire na hagu da na dama duka. Kowane silinda a ba shi bututunsa, tsawo ɗaya, su je can ƙasa su haɗu. Na gani a mujalla a Kano."

"Ka iya karatu ne?"

"Na iya kallon hoto."

Kawu mutum ne mai son a ce nasa ya fi. Tambaya ɗaya ya yi: "Gudu zai ƙaru?"

"Sai kun riƙe hula, Alhaji."

Shi ke nan aka ba Badaru aiki. Sai dai bututun ne ya gagara. Na famfo ya yi kauri, na keke ya yi siriri. Kwana uku yana zagaya gari da yatsansa. A lokacin Barira tana Kwandiko wajen iyayenta, ta haihu ta fari tana wankan jego. A rana ta huɗu ya shiga ɗakinta da azahar don ya ɗan miƙe, ya kwanta rigingine, ya dubi sama. Gadon ƙarfe ne irin mai rumfa: dogayen ƙafafu huɗu, da sanduna huɗu a sama inda ake rataya gidan sauro. Takwas cif. Daga baya ya ce sau uku ya yi a'uziyya, amma kafin ya gama ta ukun yatsan ya riga ya auna.

Kowa ya san kayan ɗaki na mace ne, miji baƙo ne a kansu. Balle wannan gado da Inna Dada, gwaggon Barira, ta sayar da karsanarta ta saya. Badaru ya ce wa kansa aro ne. Kafin arba'in zai samo irin bututan a Kano ya mayar, ya yi fenti, ba wanda zai sani. Ya cire na gadon, ya cika su da yashi, ya gasa da zugazugi irin na gidansu, ya lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, yana awo da karan dawa. Sau biyu ya je Kano neman na mayarwa, sau biyu ya dawo hannu rabbana.

Gaskiya dai mota ta ƙara ƙarfi. Amma ƙarar! In aka tayar da ita kajin unguwa sai sun haye katanga. Liman ya aiko a riƙa duba lokacin salla kafin a murɗa makulli. Kawu da ke sulalewa da sassafe don gudun masu kawo kuka, yanzu kafin ya kai bakin titi an tare shi. Ga zafi da ke tasowa ta ƙasa, har Baba Maikuɗi ya koma shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a wajen ƙafarsa. Duk da haka Kawu ya ji daɗi, don a hanyar Kano ba abin da ya wuce shi. Saboda jin daɗin ne ya kira Badaru.

"Ranar arba'in, motar nan ce za ta ɗauko maka iyali."

"Alhaji, a bar su su hau motar kasuwa, kada a wahalar da ku."

"Haba! Aikin hannunka ne, ta ɗanɗana ita ma."

Miji ba ya zuwa ɗauko mai jego, sai aka haɗa ni da Baba Maikuɗi. Da hantsi muka baro Kwandiko: Barira da jariri da Inna Dada a baya, gara a but ɗin motar, ni a gaba. Ba mu yi nisa ba Inna Dada ta ɗaga murya don a ji ta.

"Direba, motar nan ciwon ciki take yi?"

"Magani aka ba ta, Inna, ya yi mata yawa."

A wani kwari muka tarar da lori biyu sun kafe a taɓo. Baba Maikuɗi ya taka, motar ta yi gurnani ta ratsa ta gefensu ta haye. Can ya ce, "Hm." Iyakar yabon da Badaru ya taɓa samu a bakinsa ke nan, shi ma Badarun ba ya wurin. Barira kuma ta shaƙi iska ta ce tana jin kamar ƙaurin fenti. Na mai da fuskata wajen gonaki.

Da muka iso mata suka yi guɗa, aka shiga ɗaki. Ga gado nan an ɗora shimfiɗarsa a kan tubala, an lulluɓe da zannuwa har ƙasa, gidan sauro an ɗaure shi da igiya a ƙusoshin bango. Inna Dada ta ɗaga zanen da sandarta, ta duba, ta sake. Ta ce a kira maigidan. Badaru ya zo ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Sannu da zuwa, Inna. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ina ƙafafun gadon?"

"Suna... suna wajen aiki, Inna."

"Gado ne ke zuwa aiki?"

Ta juyo kaina. "Zahara'u, ke a gidan nan kike. Me kika sani?" Idona ya tafi wajen ƙofar gida, inda motar ke tsaye. Daidai nan Baba Maikuɗi ya shigo da kwallar gara a ka. Ya sauke ta a hankali, ya karkaɗe hularsa.

"Inna, ai a kansu kika zo tun daga Kwandiko."

Na ɗauka za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta fita, ta durƙusa da ƙyar, ta leƙa ƙarƙashin motar ta daɗe. Sannan ta miƙe ta buɗe ƙofar baya.

"Barira, ɗauko yaron. Inda gadonki yake, nan ne ɗakinki."

Suka shiga suka zauna. Nan aka kawo musu kunun kanwa. Matan unguwa masu zuwa barka da dawowa suka riƙa yin sallama ta taga, a miƙo musu jariri su gani su mayar. Bayan azahar Kawu ya fito cikin babbar riga, zai tafi Gwaram ɗaurin aure, ya tarar da tsummokin jariri an shanya a kan bonet. Ba ya iya korar mai jego, ba ya iya korar tsohuwa. Ya matso ya gaishe ta, ya ji labari, ya shafa gemu.

"Inna, a yi haƙuri. Zan sa a kawo sabo daga Kano, wanda ya fi wannan."

"Alhaji, ban zo roƙo ba. Nawa na sani, nawa nake so."

Kawu ya dubi motarsa, ya dubi agogo, ya dubi Badaru. "Cire," in ji shi. Ya aika a nemo masa wata motar.

Haka Badaru ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi da sifana, surukarsa tana zaune a samansa. Mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da ita, yau ga shi duk motsin da ta yi sai ƙura ta zubo masa a fuska. Baba Maikuɗi ya ɗauko tsofaffin manifol ɗin guda biyu daga zaure, a naɗe cikin tsumma, har mai ya shafa musu.

"Na san za a neme su. To ƙartin nan huɗu sai su yi haƙuri da ludayinsu."

"Amma ai ta haye taɓo, Baba," in ji murya daga ƙasa. "Yaran lori sun gaya mini."

"Gado ne ya haye, ba kai ba."

Sai da bututu na biyar ya fito Barira ta leƙo ta taga.

"Malam, a yi a hankali da mai furen nan. A nan nake rataya madubi."

Kafin la'asar takwas ɗin suna jere a ƙasa, baƙaƙe, a lanƙwashe kamar ƙahonin raguna. Inna Dada ta sauko ta taɓa kowanne da sandarta, ta sa aka kai su ɗaki. Mako guda Badaru ya yi yana miƙe su, kuma ba su taɓa miƙewa sosai ba. Gadon ya tsaya a ɗan karkace, gidan sauron yana zubowa gefe ɗaya. Ya ce zai yi fenti, Barira ta ce a bar su haka, duk lokacin da ya kwanta ya dubi sama ya gan su. Motar ta koma shirunta, kajin unguwa suka huta.

A ranar dai, da wurin ya watse, Badaru ya wanke hannu da toka da yashi, ya yi la'asar. Sannan ya zauna a kan bencinsa, ya jawo bokitin maƙwabciyarmu Kulu, ya ɗaga shi saitin rana yana neman inda yake yoyo.